Kashi Uku Cikin Ɗari

Duluth, 9 ga Satumba

Ƙanena Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Bernadette. Yaya jikin nata? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji an rufe masana'antar takarda. A shagon gyaran gashi na ji, a bakin wata mata da ko sunanta ban sani ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya rasa aikin shekara talatin da huɗu, ni ce ta ƙarshen ji. Madalla, ka kyauta. Na buga maka waya sau huɗu. Na san za ka ce injuna sun cinye maka kunne, shi ya sa na ɗauki biro, tunda idon dai yana nan.

Ba jaje kaɗai ya sa na rubuto ba. Kuɗin ritayar da ake yanka a albashinka duk shekarun nan suna nan kwance a asusun masana'anta. Ka fito da su. Akwai wani kamfanin dillalan hannun jari da ke neman mutane ido rufe. Sun ce duk wanda ya kwaso kuɗin ritayarsa ya buɗe asusun kansa a wurinsu kafin ƙarshen Oktoba, za su ɗora masa kashi uku cikin ɗari. Ban san nawa ka tara ba, don kai ko kuɗin takalminka ba ka faɗa, amma in sun kai dubu ɗari uku, dala dubu tara ke nan za su miƙo maka don kawai ka sa hannu. Abin da ka zuba sabo a bana ma za su ƙara maka a kai.

Kada ka ce damfara ce. Na kwaso nawa na kai musu tun watan Mayu, ƙarin ya shigo cikin kwana goma sha ɗaya. Na karanta takardar sharuɗɗansu, shafi goma sha tara, da jan biro a hannu. Shekara ashirin da takwas ina riƙe wa makarantun gunduma littafin kuɗi, ba a taɓa kama ni da kuskuren ko santi ɗaya na dala ba.

Ka turo mini takardar asusunka ta ƙarshe in duba. Don Allah kada ka ba abokan farautarka su duba maka.

Ka gaishe da Bernadette. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Loretta Haugen

Otter Falls, 20 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Jikin Bernadette da sauƙi muke ce wa mutanen coci, amma ba sauƙin. Ciwon karkarwar da ya fara mata a hannu ya sauka ƙafa yanzu. Bara tana wuni ita kaɗai ina wurin aiki, bana ko kofin shayi sai na riƙe mata.

Kin ce ban faɗa miki ba. Ke kin faɗa mini ranar da kika sayar da kwale-kwalen Baba dala ɗari huɗu? A bakin tafki na gan shi, wani ƙato ɗan Chicago na kishingiɗe a ciki da kwalbar giya. To mun yi canjaras.

Ga yadda nake, don ki daina ƙiyasi. Dubu ɗari uku da goma sha biyu ne. Shekarata hamsin da shida, in kin manta. Kuɗin sallama zai kai mu Fabrairu. Daga nan zan riƙa ɗibar dubu arba'in da takwas a shekara, a ci, a biya haraji da inshora da magani, har in kai sittin da biyu gwamnati ta fara biyana na tsufa. Na yi lissafin a bayan kalanda. Ya isa, amma da ƙyar. Ba zan sake neman aiki ba. Na riƙe hannun matata a gaban likita na ce mata ba za ta ƙara wuni ita kaɗai a gidan nan ba, kuma aikin kuɗin nan ke nan.

Ranar da aka tara mu a ɗakin cin abinci, matar ofis ta ce mu da muka manyanta za mu iya fara ɗiba duk sanda muka so. Wannan na ji da kunnena. Sauran ya wuce ni, a baya na zauna. Sun raba mana wani littafi mai kauri, yana nan cikin mota.

Su kuma mutanen naki, tun yaushe mai kuɗi ya fara rabon kyauta? Ni ko mahauci ne ya yi mini gyara sai na leƙa sikelinsa. Ba su da ofis, ba su da ƙofar da mutum zai je ya buga, komai sai ta waya. Ki bar mini kuɗina inda suke.

Ga takardar nan duk da haka, don kada ki tuƙo mota ki zo karɓa.

Sai an jima.
Merle

Duluth, 27 ga Satumba

Ƙanena Merle,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji abin da ka ce game da jikin Bernadette, ban ji daɗi ba, ina kuma sa ta a addu'a.

Kwale-kwalen Baba yoyo yake yi, ka fi kowa sani, kuma shekara biyu ina roƙonka ka zo ka ɗauka. Wannan maganar na rufe ta.

Na duba takardarka. Ka sa tabarau ka karanta a hankali, ba na son maimaici.

Na ɗaya, kashi uku na kuɗinka dala dubu tara da ɗari uku da sittin ne.

Na biyu, ga sikelin da kake son leƙawa. Sharaɗinsu kuɗin su zauna shekara uku. In ka ɗebi wani abu kafin nan, ƙarin da ya hau kan abin da ka ɗiba kaɗai za su karɓe. Na sa ɗibar da ka ce za ka yi, na sa dala biyar da suke karɓa duk wata, fiye da dubu biyar ta rage maka.

Na uku, su waɗanda kake lallaɓawa, masu riƙe asusun masana'anta, suna yankar kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk shekara kuɗin riƙo. Dala dubu biyu da ɗari takwas ke nan, yana nan a shafi na uku da ƙananan baƙaƙe. Shekara nawa suna shan jininka kana washe musu baki? A sabon wurin bai kai dala ɗari biyu ba.

Ba kyauta suke yi ba, sayen ka suke yi, don sun san mutum irinka in ya zauna wuri ba ya tashi. To ka bari su saye ka da tsada.

Ka ce lissafinka da ƙyar ya isa. Ga dubu biyar a ƙasa ka ƙi sunkuyawa, don kawai ni ce na nuna maka. Tun kana yaro haka kake, in na ce gabas ka ce yamma, ka ɗauka wai shi ne mazantaka. Dubu biyar ai kuɗin banɗaki ne a ƙasan bene. Ko ka fi son matarka ta ci gaba da hawa matakala goma sha huɗu da ƙafar da ke rawa, don dai kada a ce ka ji maganar yayarka? Kai ka sani. Ni dai na fita haƙƙinka.

Talatin da ɗaya ga Oktoba suke rufewa.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Loretta Haugen

Otter Falls, 29 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. An yi. Matar laburare ce ta danna mini abubuwan, ni na sa hannu da yatsa a kan gilashi kamar ɗan firamare. Ba don ke na yi ba. Bernadette ta zame a matakala ta uku wata Lahadi a farkon watan nan, na tare ta, na kwana ina jin maganarki ta banɗaki tana yi mini yawo a ka. Kin san inda za ki soki mutum, wannan kam ba a ƙwace miki.

Ƙarin ya shigo, na gan shi. In abin nan ya tashi da ni, ki sani da ke zai tashi.

Ba za mu zo bikin cin talotalo na Nuwamban bana ba, tafiyar ta yi mata nisa.

Sai an jima.
Merle

Duluth, 18 ga Disamba

Ƙanena Merle,

Barka da Kirsimeti, kai da Bernadette. Ga waina nan mai 'ya'yan itace, irin ta Mama. Har yau ban ji na gode ba, amma ban sa rai ba, na saba. Na duba kasuwa, kuɗinka sun ɗan hau. Wata rana za ka ba da labari ka ce kai ka yi dabarar, ni kuwa ba zan tanka ba.

Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.

Yayarka,
Loretta Haugen

Otter Falls, 6 ga Maris

Loretta,

Gaisuwar ma don Mama ta koya mana ne, in ba haka ba da ba ki samu ba.

Kuɗin sallama ya ƙare. Jiya na je wurin Malama Vang, wadda ke cike mini takardun haraji shekara goma sha biyu, in tambaye ta nawa zan ware wa gwamnati in na fara ɗiba. Ta duba takarda, ta dube ni. Ta san kunnena, sai ta matso da kujera ta ɗaga murya.

Ta ce, "Merle, ina kuɗin masana'anta?"

Na ce na kwashe, an ba ni kashi uku. Har da ɗan taƙama na faɗa, Allah ya isa.

Ta ce, "Wa ya ce ka kwashe?"

Na ce, "Yayata. Masaniyar kuɗi ce, ba ta taɓa kuskuren santi ɗaya ba."

Sai ta cire tabarau ta dafe goshi, ta jawo takarda ta rubuta mini da manyan baƙaƙe don kada wani abu ya wuce ni. Ga shi, ke ma ki karanta da jan bironki. Wanda ya bar aiki yana da hamsin da biyar ko fiye, doka ta yarda ya ɗiba daga asusun wurin aikin nan ba tara. Abin da matar ofis ke nufi ke nan. Amma da zarar ya kwashe ya kai asusun kansa, wannan damar ta mutu. Sai ya jira hamsin da tara da rabi. In ya taɓa kafin nan, tarar kashi goma cikin ɗari, ban da haraji. Jiharmu kuma ta ɗora nata, sulusin tarar.

Shekara uku da 'yan watanni ya rage mini, Loretta. Malama Vang ta buga, ya haura dubu ashirin da biyu. An ba ni tara, za a karɓi ashirin da biyu, kuma cikin taran ma dillalanki za su yagi rabonsu. Na ce to a mayar da kuɗin inda suke. Ta ce asusun masana'anta ba ya karɓar kuɗin wanda ya riga ya fita.

Lissafin bayan kalanda ya rushe. Wajen wata shida ya ɓace a ciki, kuma ba ni da inda zan samo shi.

Shafi goma sha tara kika ce kin karanta. Na rubuta miki shekaruna da hannuna. Na rubuta miki zan fara ɗiba a Maris. Kin lissafa dala biyar ta wata, kin tsinto ƙananan baƙaƙe a shafi na uku, amma shekarun ƙaninki da aka haifa kina tsaye a bakin ƙofa ba ki gan su ba. Na ce ki bar mini kuɗina inda suke, kika kira ni mai taurin kai, kika soke ni da ƙafar matata. Ashe jahilin ne ke kan daidai.

Ban faɗa wa Bernadette ba tukuna. Tana ɗaki tana zaɓen launin tayil na banɗaki.

Kada ki kira, ko ina ji ba zan ɗauka ba.
Merle

Duluth, 12 ga Maris

Ƙanena Merle,

Ina gaishe ka, ko ba ka amsa ba.

Na samo irin littafin da aka raba muku. Maganar tana shafi na goma sha ɗaya, da baƙin rubutu mai kauri. Wata shida yana kwance a motarka tare da ƙugiyoyin kifi. Takarda ɗaya ka turo mini, da ka haɗo da littafin da na gani. A takardar dillalan kuwa babu ita, don ba dokarsu ba ce, ta gwamnati ce. Ni ina da sittin da uku sanda na kwashe nawa, abin bai shafe ni ba. Tarar jiharku kuma ban taɓa jin ta ba, mu nan babu.

Na rubuta sakin layin da ke sama jiya. Yau na sake karantawa na ji kunya, amma na bar shi don ka ga irin yayar da Allah ya ba ka. Duk gaskiya ne, kuma duk banza ne. Ka faɗa mini shekarunka. Tambaya ɗaya ya kamata in yi, ban yi ba, saboda ina ɗokin in nuna maka na fi ka. Na yi kuskure, Merle. Ban taɓa rubuta wannan jimlar ba a rayuwata, hannuna ma ƙin ta yake yi.

Na bincika ko da mafita. Akwai wata hanya da ake ƙayyade wa mutum abin da zai ɗiba kowace shekara ba tara, amma abin da za su bar maka bai kai rabin buƙatarka ba.

Saboda haka ga cak nan, dala dubu ashirin da biyu da ɗari huɗu. Ba rance ba ne. Ka ɗebi kuɗinka yadda ka tsara, ka biya tarar da nawa, ka zauna da matarka. Na haɗo da jadawali na yadda za ka raba shi shekara-shekara, da ranakun biya, don na san halinka da takardu. Ka bi shi daki-daki, kada ka yi gaban kanka.

Ka yafe mini in za ka iya. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Loretta

Otter Falls, 24 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ga cak ɗinki nan. Jadawalin na kunna murhu da shi.

Na karanta "na yi kuskure" sau uku, har na ji zuciyata ta fara sanyi. Sai na juya shafi na tarar da "kada ka yi gaban kanka". Ko haƙuri za ki ba mutum sai kin hau kansa kin zauna. In na karɓi kuɗin nan, har in mutu duk lomar da na kai baki taki ce, duk Kirsimeti sai na ji a kati. Shekara talatin da huɗu na tsaya a gaban inji don kada in ci na kowa. Ba a kanki zan fara ba.

Malama Vang ta samo hanya, ita da ba ta da jan biro. In na kama sabon aiki a inda asusun ritayarsu ke karɓar kuɗin waje, sai in kwaso nawa in zuba can, sannan in ajiye aikin. Tunda na haura hamsin da biyar, damar ta dawo. Kamfanin cuku na bakin babban titi sun ɗauke ni ɗaukar kwalaye. Sai na yi wata shida kafin su sa ni a asusun. Dillalanki za su karɓe dubu taransu duka, su je su ci. Albashin zai riƙe mu ba sai na taɓa komai ba. Shida na safe zuwa biyu da rabi, bakwai ga Afrilu zan fara.

Na faɗa wa Bernadette ranar Juma'a, mun dawo daga cin kifi a zauren coci. Na tsayar da mota a ƙofar gida na faɗa mata duka. Ta dube ni, hannun nan na kaɗawa a cinyarta. Can ta ce, "Wata shida ai ba yawa, tsoho." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A gaban likita na yi mata alkawari, ko shekara bai yi ba na karya shi. Na shigar da ita ciki, na koma mota na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Baba.

Matan coci za su riƙa leƙo ta da tsakar rana. Mun shirya komai, ba ma buƙatar kowa. Kada ki sake turo mini kuɗi, kada ki sake turo mini shawara.

Ki zauna lafiya a inda kike.
Merle

Otter Falls, 18 ga Afrilu

Yaya Loretta,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kwana biyu na yi ina yin sa.

Merle bai san na rubuto ba. Ranar Laraba na faɗi a kicin da bakwai da rabi na safe. Wayar na kan tebur, ina ganin ta. Sai sha biyu matar coci ta zo ta ɗaga ni. Na roƙe ta ta rufa mini asiri. In ya ji zai ajiye aikin a ranar, ya biya tarar, kuma kuɗinki ba zai taɓa ba ko za mu ci ƙasa.

Ke da shi duk jakai ne, uwa ɗaya ta haife ku. Shekara uku na yi ina juya uwar nan taku a gado ina yi mata wanka, na san inda kuka gado shi.

Ba kya so na, ni ma ban damu da ke ba. Cak ba ya ɗaga mutum daga ƙasa. Saura wata biyar da rabi. Yana fita shida saura kwata. Akwai gado a ɗakin ɗinki.

Ba zai yi miki magana ba. Ki zo haka nan.

Bernadette